Jinjina ga Barista Zakiyyu, Wanda Ya Sa Baba Ya Shiga da Sandarsa

Kullum da hantsi, in ka bi ta bayan tasha a Daura, za ka ga wani dattijo yana share ƙofar ofishinsa da kansa. Ɗaki ɗaya ne, benci biyu, da fanka mai ƙara. In ya gama sai ya wanke hannu ya zauna jiran masu zuwa. Shi ne Barista Zakiyyu. Shekara talatin da ɗaya yana nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni Harisu ban yi boko mai nisa ba, acaɓa nake yi tsakanin Sandamu da Daura, amma na ce ba zai tafi shiru ba.

Mahaifina, Saje Lado, tsohon soja ne. Ya dawo daga fagen daga da ɓarɓashin ƙarfe a gwiwar hagu, ƙafar ma ta ɗan gajarce. Ranar da aka kira shi gaban kwamitin likitoci don a ga ko ya cancanci haƙƙin waɗanda suka nakasa a bakin aiki, sai Baba ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya cije ya shiga, ya ƙame ya sara. Aka ce, "Yaya jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi, yallaɓai, da sauƙi sosai." Haka suka rubuta. Takarda ta zo cewa raunin bai kai a biya shi ba, kuma wata uku muke da shi mu ɗaukaka ƙara. In ya wuce, shi ke nan, ba maganar aikin gwiwa.

Na shiga neman lauya. Na farko ya ce shi filaye da gado yake yi. Na biyu ya ce harkar soja sai Abuja. Sati biyar suka tafi a haka. Wata rana na ɗauko Iya Adama, wata tsohuwa 'yar Zango da mijinta soja ya rasu, ina ba ta labari a hanya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Juya babur ɗin nan, ɗana. Akwai wanda ya ƙwato mini fanshon maigidana bayan kowa ya ce in haƙura."

Barista ya karanta takardar sau biyu, ya sa hula ya ce, "Goya ni mu je in ga Sajen."

Baba bai ji daɗi ba. Ya ce, "Barista, abin da Allah ya ɗora mini, in je gaban mutane ina raki? Ni fa soja ne."

Barista bai yi musu ba. Aka kira azahar, ya bi Baba masallaci ya tsaya kusa da shi a sahu. Ya ga yadda yake salla a zaune, ƙafa a miƙe, ya ga mutum biyu sun kama shi ya tashi. Daga nan ya wuce rumfar Kabo baduku. Kabo ya ce, "Shekara shida ina ƙara wa takalmin hagun nan dunduniya. Wallahi na fi likita sanin ƙafar." Barista ya rubuta shaidar Kabo da ta liman, ya sa aka ɗauki sabon hoton ƙashi, ya zuba tsofaffin takalman Baba a jaka.

Saura Baba kansa. Barista ya zauna a tabarmarsa ya ce, "Saje, in kwamanda ya aike ka duba hanya, ka tarar gada ta karye, sai ka dawo ka ce lafiya lau?"

"Subhanallahi! Ai na kashe mutane ke nan."

"To rahoto ake nema wajenka, ba raki ba. Ka yi hamdala, sannan ka faɗi gaskiya."

Baba ya yi dariya. "Kai da ka shiga soja, da ka wahalar da mu."

Ranar zaman ɗaukaka ƙara, ina tsaye a bayansu. Da muka isa ƙofa, sai na ga hannun Baba ya nufi bango zai jingine sandar kamar da. Barista ya yi gyaran murya ya ce, "Saje, makaminka." Baba ya riƙe ta, ya shiga yana dogarawa. Aka ce yaya jiki. Ya ce, "Alhamdulillahi. Ga rahoto, yallaɓai. Ƙafar hagu ba ta ɗaukata. Shekara shida goshina bai taɓa ƙasa ba." Barista ya jera takalman a kan teburi.

Bayan wata biyu aka soke hukuncin farko. An ba Baba haƙƙinsa, an yi masa aikin gwiwa. Ranar da takardar ta iso, mata suka yi ta guɗa a gidanmu har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi.

Barista, kai ne lauyan da ya hau bayan babur ya je ya ga ciwo da idonsa. Kai ne ka gane kunyar dattijo, ba ka tozarta shi ba. Mun gode, Iya Adama ma ta ce a gaya maka ta gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan lauyoyi, don Allah ku riƙa tashi daga kan kujera, ku je inda mai ƙara yake zaune.

Gobe zan kawo maka saƙon Baba. Sabuwar sanda ce, Kabo ya naɗe mata kai da jar fata. Baba ya ce in gaya maka, yanzu kai ma ka zama tsohon ma'aikaci, in gwiwa ta fara, kada ka kuskura ka bar ta a bakin ƙofa.