Pompon da Ba na Motarsa Ba

Ni ɗan Tasawa ne, kuma kafin sunana ya ɓaci, bakanike ne ni da ake yabo. Na koyi aiki a hannun wani tsoho mai faɗa, wanda ya koya mini bin zafin inji daki-daki: a duba ko ruwa na yoyo, a taɓa tiyo, a ja bel, a ga ko fanka na juyawa, a wanke lagireto, sannan a zo kan pompo, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji. Da ya rasu na kafa rumfata kusa da tasha. Tsofaffin Fijo masu zuwa Mayahi da Korgom duk a wurina suke shan magani.

Abin ya faro ne ƙarami. Ruwan rijiya da direbobinmu ke zubawa yakan cinye fukafukan pompo daga ciki, bayansa kuwa lafiya lau. Wata rana na wanke wani mataccen pompo da isansi, wato fetur, na goge, na shafa masa fenti. Wani direba ya gani ya ce, "Wanga sabo ne?" Na ce sabo ne, ko ƙifta ido ban yi ba. Daga nan wani dillalin kayan mota ya soma kawo mini kwalayen sababbi babu komai ciki, ni kuma in cika su da gawa. Ranar da na ce masa na gaji, dariya ya yi. Ya ce, "Bari mana. Ni ko in shiga tasha in hwaɗi abin da ke cikin kwalayen."

Sai na ci gaba. Kowace ƙarya kuma sai ta kira 'yar'uwarta. Mota ta dawo da zafi, in ce lagireto ne. Ta sake dawowa, in zuba garin taba in ce yoyo ne na toshe. Har ta kai in na ji mota ta tsaya bakin rumfa gabana faɗuwa yake, don ban san wace ƙaryar ce ta biyo ni ba.

Baba Iliya abokin mahaifina ne, shi ya riƙe ni ranar sunana. Tsohuwar Fijo yake ja tsakanin Tasawa da Mayahi, ita ke ciyar da gidansa. Cikin bazara pomponsa ya mutu, irinsa kuwa ko a Maraɗi sai an sha nema. Ina da na wata motar dabam. Ramukan ƙusoshi sun zo daidai, amma fukafukansa gajeru ne, ba sa tura ruwa yadda injin ke so. Na san haka sarai, na ɗaura.

Kashegari ya dawo ya ce, "Ɗana, allurar zahi tana hawa. Mi ya hwaru?"

Na ce, "Baba, allurar ce ta tsuhwa, ƙarya take yi. Tahi ka yi salla, kahin ka dawo na gyara ta."

Yana juya baya na zare wayar da ke kai wa allura labarin zafi, na cusa ta ƙasa. Allura ta kwanta. Da ya dawo ya gani, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Na ji kunya, amma in na faɗi gaskiyar pompo ɗaya, ta sauran ma za ta fito, sai na bar shi ya tafi.

Ranar kasuwa ya ɗauko mutane da buhunan gero daga Mayahi. A tsakiyar hanya mota ta soma rasa ƙarfi. Ya duba allura, ta nuna masa babu zafi. Mutumin da ya tsufa yana hana mutane buɗe murfin lagireto da zafi, shi ne ya sa hannu ya murɗa, saboda ya yarda da gyaran da na yi. Tafasasshen ruwa ya yi tsalle ya same shi a fuska. An kai shi asibiti, fata ta warke, amma idanunsa biyu ba su dawo ba.

Wani bakanike ya buɗe motar, ya ga waya a zare da pompon da ba nata ba. Jandarmomi suka zo rumfata suka kwashe kwalaye. Dillali ya tsallaka iyaka, ni aka kai gaban alƙali, daga can sai gidan kaso. Ɗaki ne cike da mutane, zafi kamar tanda, in za ka juya sai ka nemi izinin na kusa da kai. Sau ɗaya mahaifiyata ta zo. Ba ta zage ni ba. Ta ce ta daina zuwa kowace sabga, don kar ta haɗu da matar Baba Iliya.

Da aka sake ni, gidansa na fara zuwa. Na tarar da shi bisa tabarma a ƙofar gida, na durƙusa ina kuka. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Na yahe maka tun kana ciki. Abu guda nake roƙo. In za ka wuce ta nan, ka riƙa yin sallama ka hwaɗi sunanka, don ba ni ganin mai wucewa."

Samari, musamman masu koyon aikin hannu, ku ji daga wanda ya ɗanɗana. In kaya ba na motar ba ne, ku ce ba nata ba ne, ko mai ita zai yi fushi ya tafi. In inji na zafi, ku nemi dalili, kada ku ɓoye alamar. Kuma ku faɗi gaskiya tun a ƙaryar farko, lokacin da faɗinta ke da sauƙi. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma tuba ba ta mayar da ido.

Hanyar da nake bi zuwa wurin aiki ta ƙofarsa ta wuce, kuma ban yarda in canza ta ba. Kullum da safe nakan ɗaga murya in yi sallama in faɗi sunana. Shi kuma ya juyo da fuskarsa wajen da ba nan nake ba, ya ce, "Ɗana, an tashi lahiya?"