Mai Ɗakin Ƙarshe

Mai Famfo ake ce masa, har matarsa haka take kiransa in ta so tsokana. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta sauka saboda nauyin jakar sifana, kuma ba ya iya wuce famfo mai ɗiga bai tsaya ba. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son zaman lafiya, kuma son nan ne ya jawo abin da ya hana shi sukuni a ƙarshen rayuwarsa.

Gidan hayar da ya zauna ɗakuna ne a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kullum da safe sai an yi faɗa kan layin bokiti. Can ƙarshe akwai wani ɗaki a kulle, ba kowa ciki, bututun ruwan gidan ta nan ya bi. In iska ta shiga bututun sai ya yi wani nishi, kamar tsoho ya juya a gado.

Wata safiya matar tela da matar direba suka kama ɗankwalin juna, sai nishin ya taso. Mai Famfo ya ɗaga hannu.

"Kun gani ko? Kun tashe shi. Mai ɗakin ƙarshe ba ya son hayaniya."

Wasa yake yi. Amma matan suka saki juna, kowa ya juya yana kallon ƙofar.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. In an yi musu sai ka ji, "Zo ka maimaita a ƙofar ɗakin ƙarshe," kuma mai ƙarya ba ya zuwa. Kullum ƙofar a share take, ba a san mai sharewa ba. Ranar da mahaifiyar direba ta rasu, a ƙofar nan direban ya zauna yana kuka, tela da ba sa ga maciji ya zo ya zauna kusa da shi. Sababbin 'yan haya kuwa, tun kafin a nuna musu banɗaki ake gaya musu su rage murya.

Da ciwo ya kama Mai Famfo, ƙafafu suka kumbura, sai abin ya tsaya masa a rai.

"Iska ce fa a bututu," ya ce da matarsa. "Da bakina na ƙirƙire shi. Me zan ce wa Ubangijina?"

"Haba malam, ka manta yadda gidan nan yake da? So kake a koma dambe?"

"Ba na so. Amma ba zan tafi in bar mutane suna rantsuwa da ƙarfe ba."

Ya sa aka karɓo makulli wurin mai gidan. Da rana tsaka ya fito yana dafa bango, ya tara kowa, ya buɗe ɗakin. Sanyi ya fito, da warin rufi. Ba komai ciki sai yanar gizo da bututu mai tsatsa a gindin bango. Ya durƙusa da ƙyar, ya sassauta mahaɗar, iska ta fita da dogon huci, ruwa ya biyo. Ya ɗaure.

"Ga shi nan," ya ce. "Ba kowa. Ni na faɗa, kuma wasa nake. Ku yafe mini."

Ba wanda ya tsallaka bakin ƙofar. Iya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta dube shi da tausayi.

"Ɗana, wa ya ce maka ba mu san bututu ba ne?" Ta kai yatsa bakinta. "Rage murya."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji ashe shi ma raɗa yake yi tun da ya shigo ɗakin.

Bututun bai sake nishi ba. Iya ta ce mai ɗakin ƙarshe sauraro yake. Mai Famfo ya kwanta yana istigfari, kunnensa na tsakar gida yana jiran faɗan farko, yana tsoronsa, yana kuma fatansa. Har ya cika bai ji ba. Matarsa ta riƙe kukanta a cikin mayafi, kada ya kai ƙarshen gidan.