Sandar Ailan da Bahagon Taubashina

Bari in faɗi wautata da bakina tun kafin wani ya riga ni. Ni ne dattijon da tuwo ya daina yi wa daɗi saboda guntun itace. Tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna, kansa da faɗi kamar an take ludayi ya baje. Lokacin ina da jikoki, furfura ta cinye rabin gemuna, ana kirana a raba gardamar iyakar gona. Duk wannan bai hana ni kwana da itacen nan a zuciya ba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbin Kaba, wajen Mayahi, inda goriba ta fi mutane yawa. Muna yara, in an gama girbi an kai damma rumbu, sai mu gangara cikin gulbi mu buga ƙodago, wato ƙwallon goriba bayan an gwaguye ta. Kowa ya saro reshen aduwa mai lanƙwasar kai ya gasa shi a wuta. A rabu biyu, gabas da yamma, a yi ta kora har a kai shi gindin gawon da aka sa iyaka. Babu alƙali, ƙwaurinka ne ke gaya maka an yi maka laifi. To a nan Allah ya ajiye rabona. Lakwal, makarantar boko, ta ƙi ni na ƙi ta, mushe mai koya mana ya gaji ya sallame ni, rubutun nan ma da girmana na tsinto shi a ajin manya. Amma in na ɗaga sanda, yaran yamma darewa suke. Na taɓa ɗaga ƙodago ya tsallake kan gawon nan, kuma har na yi jikoki in ana hirar da, sai wani ya tuna. In ba wanda ya tuna, ni nakan tuna masu.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, tsarana ne, tare aka yi mana kaciya. Bahago aka haife shi. An ɗaure mashi hannun hagu da tsumma, an buge shi da muciya, har ya koyi ci da gaisuwa da karɓar abu da dama, kuma da ya girma gari ya manta. Sai dai in ya kama ƙotar gatari ko sanda, hagunsa ke sauka ƙasa wajen kai, dama ta koma ƙarshen ƙota, juyin namu. A wasan ƙodago ta gefen da ba a tsayawa yake tsayawa, sandarsa ta yi ta karo da ta 'yan ɓangarensa. Ba mai son a ba shi shi. Ni kuwa na ci amfanin wannan shekara da shekaru, don taubashi abin tsokana ne, ina ce mashi bawana yana ce mani bawansa, ba mai fushi.

Wata shekara, tun ana barin anasaru su zaga ƙauye ba soja a bayansu, masu gyaran foraj, rijiyar burtsatse, suka zo, a cikinsu da wani dogon anasara mai jan gemu. Aka sauke su a filin lakwal. Ya iya Hausar Maradi, mai ƙashi-ƙashi amma ana ganewa. Ya ce ƙasarsu Ailan, tsibiri ce, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Liman ya tambaye shi ko cikin Ingila take, sai fuskarsa ta ƙara ja, daga nan ba wanda ya sake tambaya.

Da la'asar, in sun tashi aiki, sai ya fito da sandar nan da wata ƙwallo ta fata, girman goriba, mai tudun ɗinki a jikinta, ya yi ta bugawa a bangon aji tana dawowa yana cafewa. Muka taso daga majalisa muka kewaye shi. Ya ce wasan ƙasarsu ne, harlin ko me, kuma duk inda za shi da sanda biyu yake tafiya, yadda mu ba mu tafiya ba buta. Ya zana mana raga a ƙasa: itace biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. In ƙwallo ta bi ta sama ci ɗaya, in ta shige ta ƙasa ci uku. Ya ce a can da hular ƙarfe ake yi, don haƙora. Wani ya nuna ni ya ce ai ga sarkin bugu nan. Na yi kamar ban ji ba, amma na riga na tuɓe takalmi.

Ya miƙo mani sandar. Ba ta da nauyi, santsi gare ta, an naɗe ƙotar da wani abu mai laushi. Na kama ta yadda nake kama kowace ƙota tun ina yaro, hagu a sama dama a ƙasa. Ya girgiza kai, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya mai da dama sama, hagu ƙarƙashinta. Ya ce haka ake riƙewa. Sai na ji kamar an sa mani wando a juye.

Ya nuna mani yadda ake ɗaukar ƙwallo, don haram ne a sa hannu a ɗauke ta daga ƙasa. A ɗora faɗin sanda a kanta, a mirgino ta baya, a zura bakin sanda ƙarƙashinta, a ɗago, ta yi tsalle a cafe da hagu. Sannan a ɗan wurga ta sama, hannu ya koma ƙota, a buga tun ba ta sauka ba. A hannunsa abin kamar shan fura. Ni na mirgino ta, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta wuce. Da ƙyar na ɗago ta. Na wurga sama, na kai bugun da ya tsallake gawo, sai iska na sara. Na juya sau ɗaya da rabi, hulata ta yi gabas, ƙwallo ta sauko ta same ni a babban yatsa. Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Ana cikin haka taubashina ya iso da amalankensa cike da kaba. Don in raba dariyar da wani, na ce a ba bawana ya gwada. Ni da kaina na miƙa mashi. Ya kama yadda ya saba kamawa, dama a sama hagu a ƙasa, irin riƙon da muka yi ta yi wa dariya tun muna yara. Anasara ya duba ya ce daidai, kamar a can aka haife shi. Ya wurga, ya buga. Ƙarar ma daban take, tas, kamar an fasa busasshen kara. Ƙwallo ta tsallake rufin aji ta faɗa gonar mai gari. Anasara ya ɗora hannu biyu a ka.

A ranar ya faɗi maganar da ta hana ni sakat: in aikin foraj ya ƙare zai bar sanda ɗaya da ƙwallo a garin nan, wurin wanda suka fi dacewa da hannunsa.

Na sassaƙa tawa da icen aduwa, ta fito kamar muciyar gidan biki. Ina zagawa bayan rumbu da hantsi in kowa ya watse, in yi ta fama da ƙodago. In sa dama a sama, in wurga, kafin ya sauko hannuwan sun sauya da kansu ba su shawarce ni ba. Ranar da na samu bugu ɗaya mai kyau, randar tsakar gida ya samu. Mai ɗakina ta fito ta dubi ruwa yana bin ƙasa, ta dube ni da muciyata, ta ce in tuƙi nake so in koya in shigo madafa, tukunya na kan wuta.

Taubashina kuwa kullum gaba yake. Ya koyi ɗora ƙwallo a faɗin sanda ya ruga da ita ba ta faɗi ba, tsoho da shi, riga tana kaɗawa. Mata masu zuwa rijiya su sauke bokiti su tsaya kallo. Samari suka fara gaishe shi da sarkin bugu, a gabana. Ina zaune a kan tabarma ina cewa ai sa'a ce, ina cewa iska ce ta taimaka, ina cewa ƙwallon fata ba ƙodago ba ce, a ba shi ƙodago mu gani. Abin da ya fi ƙona ni, bai taɓa yi mani gori ba. Taubashin kirki ya tsokane ka ka rama. Wannan sai ya gama ya zo ya zauna kusa da ni yana haki, ya ce in miƙo mashi buta.

Rannan na ji anasara yana koya wa wani saurayi, yana cewa hannun da ya fi ƙarfi shi ke hawa sama. Na matsa na tambaye shi, kamar mai neman ilimi, in mutum hagunsa ce mai ƙarfi fa? Ya ce to hagu ke hawa sama. Na koma tabarma na zauna, zuciyata fari ƙal. Lissafina shi ne in aka juya mashi hannu zai koma irina, in mun zama daidai a rashin iyawa kuwa, tsohon suna ne zai raba gardama.

Na jira sai da fili ya cika, taubashina na tsakiya da sanda, sannan na dubi anasara na ɗaga murya.

"Mushe, an cuce ka. Bawan nan nawa bahago ne. Riƙon da kake yabo, riƙon kuskure ne."

A wurinmu ba a cewa da dattijo bahago a bainar jama'a, kamar ka ce da hannun tsarki yake cin tuwo ne. Samarin ma ba su taɓa sani ba. Anasara bai san da wannan ba, shi murna ma ya yi. Ya tsinci dutse ya ba shi ya ce ya jefi kututturen can. Taubashina ya karɓa da dama, ya tsaya yana dubansa. Ya dube ni. Sannan ya mai da dutsen hagu ya jefa, ya sami kututture a tsakiya.

Aka juya mashi riƙo. Ya wurga ya sari iska, ya sake ya sari iska, na uku sanda ta kuɓuce ta kusa samun akuyar liman. Dariyata ta fi ta kowa, in ma akwai mai tayawa. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Daɗin bai daɗe ba. Abin da ban lissafa ba, mutumin nan hannu biyu gare shi: hagu Allah ya ba shi, dama muciya ta ba shi. Kafin kasuwa ta zagayo ya gano sabon riƙon, kuma bai saki tsohon ba. Ƙwallo ta zo ta dama ya buga, ta zo ta hagu ya buga, ba sai ya juya jiki ba. Anasara ya ce a ƙasarsu shekaru ake yi ana koya wa yaro bugu ta gefe biyu, wasu har su tsufa ba su iya ba. Har ya zo ya kama hannuna ya yi mani godiya, wai ni na buɗe mashi ido. Na ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Ranar da ruwa ya fito a foraj suka ɗaure kaya. A gaban mai gari anasara ya ɗauko sanda da ƙwallo ya ba taubashina. Na tafa tare da mutane. Tafi biyu na yi, na ji ya isa.

Sandar tana nan rataye a zaurensa, sama da inda yake ajiye sirdin jaki. Ƙwallon ta daɗe da yagewa, an kai wa baduku ya ɗinke ta har ta koma kamar albasa. Samari sun sassaƙa nasu, bayan girbi suna gangarawa gulbi su yi wani abu da ba namu ba ba na Ailan ba, ƙodago a sama, sanduna a sama, ba hular ƙarfe. Duk wanda ya je aro yana ba shi. Ni ban taɓa zuwa ba. In aka kira ni kallo sai in ce gwiwa. In na shiga zauren gaisuwa kuwa, nakan zauna in ba ta baya, amma ina jin ta a ƙeyata har in fita.

Bara muna tafiya kasuwar Sarkin Hausa a amalankensa, ni da shi da buhun wake. Rairayi ya yi yawa, jaki yana ja da ƙyar. Na lura tsumagiyar a hagunsa take, a fili, yana gaisawa da masu wucewa bai ko sauya ta ba. Na ce bari in tsokane shi, na tambaye shi ko sandar anasara ta fara ba da nono, tunda ana kiwonta kamar saniya. Bai yi dariya ba, bai rama ba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan ya ce, idonsa na kan kunnen jaki:

"Ka san wani abu, bawana? Duk garin nan, har da waɗanda suka ɗaure mani shi, kai kaɗai ka riƙe cewa ina da hannun nan."