Jan Gashin Amos

A garinmu Whitby, idan aka yi rasuwa, kafin a rufe akwatin gawa sai an yanki gashin mamacin an kai wa Keziah Theaker. Sana'arta ke nan. Za ta dafa gashin, ta kitsa shi siriri, ta kwantar da shi ƙarƙashin gilashi a tsakiyar baƙin dutsen nan da mazanmu ke tonowa a bakin teku, ya zama abin ƙirji na masu makoki. Mijina ke sassaƙa mata dutsen, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Kowane ado da maganarsa. Lu'ulu'u hawaye ne. Farin zagaye na yaro ne ko wanda bai yi aure ba. Ganyen nan mai manne wa bango kuwa amana yake nufi. Ni dai ban taɓa son ɗakin aikinta ba. Idan iskar teku ta kawo laima, sai ka ga gashin da ta jera a tebur yana nannaɗewa da kansa. Ita ko a jikinta, har hira take yi da su, tana kiran kowa da sunansa.

Abin da ya dami gari shi ne, mai yi wa kowa, ita ba ta da nata. Mijinta Amos ya bi jirgin kamun kifi suna da shekara biyu da aure, ba shi ba labarinsa. Ranar tafiyarsa ta yanki jan gashinsa ta ajiye. A wajenmu kuwa ba a sa gashin mai rai cikin baƙin dutse, kiran mutuwa ne.

"Yaya Keziah, ki yi takabarki ki huta mana," nakan ce mata. "Ko kifayen da suka cinye shi ai sun yi jikoki."

"Kin ga gawarsa, sarkin sani? To ja bakinki."

Haka muka tsufa, ina tsokanarta tana zagina. Tana ba ni haushi, tana ba ni tausayi.

Wata Talata ina wajenta muna shan shayi, sai ga wata baƙuwa cikin baƙaƙen kaya, wai daga garin Hull take. Ta kwance ƙyalle, ga furfura da ɗan sauran ja a ciki.

"Gashin maigidana ne, baiwar Allah. Yana ciwon ajali ya sa na rantse cewa ke zan kawo wa. Ya ce duk ƙasar nan ba mai hannunki."

Keziah ta murza gashin tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa.

"Sunansa?"

"Amos. Wai nan ne garinsu, amma bai taɓa kawo mu ba, ko yaran ba su san nan ba."

Na ajiye kofina. Na buɗe baki, Keziah ta taka min ƙafa.

"Wane ado kike so?"

"Lu'ulu'u, da ganyen amana. Wallahi mutum ne mai amana."

"Za ki samu," in ji Keziah.

Ban taɓa ganin aikin da ta ƙawata kamar wannan ba. Da matar ta dawo karɓa, Keziah ta haɗa mata har da ragowar gashin, ta kakkaɓe teburin don kada sili ɗaya ya saura.

Ranar Lahadi Keziah ta shigo coci da baƙin dutse a ƙirji. Mata suka yi ta zunɗe, wai yau hankali ya zo. Na matsa na duba: jan gashin nan ne na saurayi, ba lu'ulu'u, ba ganye.

"Me ya hana ki rage furfurar tsohon nan?" na tambaye ta a hanya. "Ai ke ce ta fari."

"Wancan mijinta ne, ban san shi ba."

Ta juya min bayan dutsen, inda ake rubuta ranar rasuwa. Ranar da jirginsu ya tashi ce ta sa aka zana.

Ba ta ƙara damina biyu a duniya ba. Ni na yi mata wanka, ni na yanki gashinta yadda aka saba. Sai da na fito da shi a hannu na tuna babu wanda zan kai wa.