Zaren da Na Auna wa Yaya Sa'adatu

Ranar Talata mai zuwa shekara uku ke nan da rasuwar yayata Sa'adatu, kuma har yau babu ɗayanmu da ya ga kabarinta. Yana can wani ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku, inda aka tura ta aikin ungozoma.

Yaya tana da ciwon asma tun tana ƙarama. Shi ya sa da takardar tafiyar ta iso gidanmu a Tsafe, mahaifiyarmu Inna ta ce sai ta san abu guda kafin ta yarda: idan ciwon ya tashi, ina babban asibiti? Yaya ta ce yana babban birnin ƙasar da tsibirin yake ƙarƙashinta, jirgin sama ake hawa. Inna ta juyo gare ni.

"Ke 'yar boko, ɗauko littafin taswirar nan naki ki gaya min gaskiya. Wannan ko bangon duniya aka ce ta je, cewa za ta yi nan ne bayan gida."

Ina aji ɗaya na sakandare a lokacin, kuma ba a taɓa tambayata komai a gaban manya ba. Na tsinko baƙin zare daga keken ɗinkin Inna, na ɗora shi daga birnin zuwa ɗigon tsibirin, na yanke. Bai kai gaɓar yatsata biyu ba. Sai na buɗe shafin Nijeriya na gwada shi, ya tashi daga Gusau ya tsaya a Funtuwa.

"Kamar Gusau zuwa Funtuwa ne, Inna."

"Af, ashe nan da nan ne. Allah shi kiyaye hanya, ɗiyata."

Na lura Yaya ta buɗe baki, ta dubi zaren, ta rufe. Hannunta yana cikin aljihu, kan abin shaƙarta.

Sai a aji biyu malaminmu ya nuna mana ɗan layin da ke ƙasan kowane shafi, ya ce taswirar duniya da ta ƙasa ɗaya ba ma'auninsu ɗaya ba. Na sake aunawa a ƙarƙashin tebur. Wata biyu bayan nan wasiƙa ta zo. Ciwon ya tashi ranar Asabar. Jirgin awa biyar yake yi a sama, kuma Laraba kawai yake zuwa.

Da Yaya za ta dawo yau, za ta tarar Gusau ta zama babban birnin jiha, motocin gwamnati suna wuce ƙofar gidanmu da jiniya. Za ta yi dariyar nan tata mai ƙarewa da tari. Ban san abin da za ta ce da ni ba. Ita ta san nisan, ta yi shiru don tana son tafiya. Ni ban sani ba, na yi magana. Abin da ya rage mana nata shi ne yaran da ta karɓi haihuwarsu a garin Bilbis kafin tafiyarta, masu sunanta, da zaren da ke cikin littafina.

Makon jiya irin takardar nan ta zo wa ƙanen Inna, Kawu Bello, malamin asibiti mai hawan jini. Tsibirin daban ne, tekun ɗaya. Inna ta ce in na dawo hutu in zo da littafin.

Har yau Inna ta ɗauka Yaya ta rasu ne a nisan Funtuwa. Na kasa faɗa mata da bakina, shi ya sa na rubuto wannan a jarida. Kawu ne yake karanta mata jaridar kowace Juma'a. Kawu, kada ka tsallake wannan shafin.