Maharazu da Kwamfutar da Ke Cewa Ta Tashi

Duk wanda ya san Maharazu tun yana yaro a Nariya, abin da zai fara ba ka labari shi ne barcinsa. Allah Ya ba shi kai, Ya ba shi haƙuri, amma da aka zo rabon nauyin barci sai ya karɓi nasa ya haɗa da na ƙannensa. Abin haushin ma bakinsa ne. Kana taɓa shi zai ce maka "na tashi" da murya garau, alhali ko ganga ka buga masa a kunne bai san ana yi ba. Sau nawa mahaifinsa ya wuce masallaci yana zaton yaro na biye da shi, ya dawo ya tarar da shi yana sharar minshari.

Mahaifiyarsa, Inna Lubabatu, ita ta gano maganinsa. Gidansu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, ba ta da lokacin zarya tsakanin garke da ɗakin yaro. Sai ta daina karɓar "na tashi". Takan tsaya a kansa da ƙwaryar tatsa a hannu, ta yi masa tambayar da mai barci ba zai iya amsawa ba, kamar wace saniya ce ta haihu jiya. In ya yi shirme, ta ɗan saurara ta sake tambaya. Sai ya ba da amsa mai ma'ana take juyawa. In kuwa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ruwan randa na nan kusa.

Da wannan hali ya girma. Ya yi sakandare a Kibiya, ya je Kano ya karanci kwamfuta, ya dawo ya yi aure. Alhaji Isiyaku, wani ɗan kasuwar hatsi a Rano, ya buɗe cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, ya ɗauke shi ya kula da na'urorin. Maharazu na son aikin nan kamar ransa, don shi ya hana shi komawa birni neman abin yi ya bar Inna da tsufa.

A ɗakin baya akwai babbar kwamfuta, wadda ma'aikata ke kira saba. A cikinta manhajar jarrabawa take, kuma daga wurinta duk ƙananan kwamfutocin zaure ke karɓar tambayoyi. Maharazu ya rubuta mata 'yan layukan umarni, yadda duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta za su kunna manhajar da kansu, sannan su nuna kore a allon da ke gaban zaure, alamar kowa ya fara.

To, wannan koren shi ya so ya ci masa aiki. Umarnin yakan kunna manhajar, ya ga ta motsa, sai ya ce ta tashi. Ita kuwa tana can tana miƙa, ba ta ma buɗe rumbun tambayoyi ba. Ɗalibai su danna, su ga ba komai, zaure ya kaure da surutu. Alhaji, da ba a san shi da haƙuri ba, sai ya faɗa ɗakin baya ya kashe ya kunna, aiki ya koma ɗanye. Maharazu ya sa umarnin ya riƙa ɗan dakatawa kafin ya nuna kore. Ranar da na'urar ke da lafiya abin ya yi, ranar da zafi ya dame ta kuwa lokacin ya cika ba ta shirya ba.

Ana cikin haka aka aiko cewa masu duba cibiyoyi za su zo su gwada wurin, su ga ko ya cancanci a riƙa yin babbar jarrabawa a cikinsa. Alhaji ya kira Maharazu ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in na'urar nan ta kunyata shi a gaban baƙi, zai ɗauko wani daga Kano. Maharazu ya ce to, ya fito. Tsoro ya kama shi sosai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Wata safiya matarsa Ummukulsum ta miƙo masa koko tana mita. Wai yau ma ya ce mata ya tashi, ta tafi ta hura wuta ta dawo ta same shi ya ƙara jan bargo. Ta ce ita dai ta gaji, za ta je Nariya Inna ta koya mata yadda ake yi da shi. Maharazu ya tsaya da ludayi a hannu yana kallonta, har ta tambaye shi ko lafiya. Ashe shekara da shekaru ya san wannan cuta, a jikinsa take, kuma ya san mai maganinta. Ya ajiye kokon, ya hau babur ya nufi wurin aiki.

Gyaran bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Ya hana umarnin yarda da motsin manhaja kawai. Ya sa shi ya riƙa neman wata tambayar gwaji da ya ajiye can cikin rumbun. In amsa ba ta zo daidai ba, ya saurara kaɗan ya sake nema, allo kuma ya tsaya a ruwan ɗorawa. In an daɗe shiru, ya nuna ja a kira mutum. Ya yi ta kashe wuta yana gwadawa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don ya san na'ura ta fi son tsiya ranar da ake da baƙi.

Ran gwaji, shugabar baƙin, wata Hajiya Mu'minat mai gilashi, ta zaunar da ɗalibai, sannan ta ce a kashe wuta gaba ɗaya ta ga yadda wurin ke farfaɗowa. Aka kashe, aka tada janareta. Allo ya nuna ruwan ɗorawa ya tsaya cak. Rana ce mai zafi, na'urar ta yi nauyi fiye da kullum. Hajiya ta duba agogo. Alhaji ya share gumi, ya nufi ɗakin baya kamar yadda ya saba, sai ya tarar da Maharazu a bakin ƙofa. Bai taɓa tare wa maigidansa hanya ba sai yau.

"Ranka ya daɗe, a bar ta," ya ce a hankali. "Ana tambayarta ne, ba ta amsa ba tukuna."

Alhaji ya harare shi, ya buɗe baki zai yi magana, sai allo ya koma kore. Ɗalibai suka danna, tambayoyi suka fito a gaban kowa, ba wanda ya ɗaga hannu. Ba ka jin komai a zauren sai ƙarar fanka da ta janareta. Hajiya ta sa aka sake kashewa, abin ya sake tashi lafiya lau. Ta gyaɗa kai ta ce wurin ya yi. Maharazu ya zauna a kan benci ya yi ta hamdala, ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ka. Alhaji bai ba shi haƙuri ba, ba halinsa ba ne, amma ya ce ya tafi gida ya huta, gobe ya zo da wuri.

Nariya ya wuce. Ya sha fura, ya soma ba Inna labari, bai kai ƙarshe ba barci ya kwashe shi a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, barcin kwanciyar hankali, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da Alhaji ya kira shi. Da aka kira la'asar, tsohuwar ta dogara sandarta ta zo ta taɓa ƙafarsa.

"Na tashi, Inna."

Ba ta motsa ba. "Aikin naka fa, yana nan ko sun kore ka?"

Ya buɗe ido, ya dube ta, ya yi murmushi. "Yana nan, Inna. Ba inda za ni."

Sai ta juya ta tafi ɗebo masa ruwan alwala.