Mai Agogo da Harbin Kwance

Shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da tashar mota, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni maharbi ne. Agogo dai na cefane ne."

Tun yana saurayi ya shiga wasan harbi. Hukumar wasan ta ƙasa ta kasa shi kashi-kashi: ga masu ƙaramar bindiga, ga masu harbo faifai a sama, ga kuma masu harbin kwance, waɗanda ke yin rub-da-ciki su auna wani baƙin ɗigo daga nisan mita hamsin. Wannan na ƙarshe shi ya shiga ransa. Yakan riƙe numfashi, ya jira zuciyarsa ta lafa, sannan ya taɓa kunamar bindiga a hankali kamar mai gudun tada jariri.

Sau biyu yana zuwa na biyu a gasar ƙasa. Shekarar da ya zo na ɗaya, har an gwada shi za a ɗinka masa rigar tawagar ƙasa, sai hukumar ta aiko da takarda: ta soke harbin kwance, wai masu yinsa sun yi kaɗan. Sakataren hukumar ya ce masa, "Ka koma na tsaye mana." Ya gwada wata shida, bayansa ya ƙi.

Matarsa takan tsokane shi. "Maigida, kowa na neman miƙewa, kai kana neman kwanciya!" Sai ya yi dariya. Amma duk Asabar yakan rufe shago, ya shiga mota biyu zuwa filin harbi, ya rubuta wa wasu maki, yana satar kallon tsohon layin masu harbin kwance, wanda ciyawa ta cinye.

Bara aka dawo da wasan. 'Yarsa ce ta ga sanarwar a waya, ta kai shi filin da kanta. Ya ari bindiga, ya kwanta da ƙyar, ya kafa gwiwar hannu, ya ɗora kunci. Ɗigon bai fito ba. Yanar ido ta riga ta rufe idonsa na dama.

Bai harba ko ɗaya ba, bai kuma tashi ba. Alƙalin wasa ya matso ya durƙusa.

"Baba, lokaci ya cika."

"Na ji, ɗana," in ji shi, kuncinsa na kan bindigar. "Ɗan ƙara mini kaɗan."